Dalilin da Ya Sa Ba Na Haɗa Kwaɗi Iri-Iri a Akwati Ɗaya

Duk baƙon da ya leƙa rumfar bayan gidana a Tudun Wada ya ga robobi da akwatunan gilashi jere, kowanne da kwaɗinsa a ciki, tambayoyi biyu yake yi. Ta farko ita ce me nake yi da kwaɗi, kuma amsarta ba ta da tsawo: ina koyar da nazarin halittu a makarantar sakandare, kuma ɗalibi ya fi riƙe darasi idan ya ga dabbar da idonsa tana cafke ƙwaro fiye da idan an zana masa ita a allo. Ta biyu ita ce me ya hana in zuba su duka a babban akwati ɗaya, in rage wa kaina wahalar wanki da canjin ruwa. Wannan ta biyun nake so in amsa a nan, domin na lura wasu matasa sun fara sha'awar ajiye irin waɗannan dabbobi saboda abin da suke gani a YouTube da TikTok, inda ake nuna akwati guda mai ciyayi da duwatsu an tara masa kwaɗi masu launi daban-daban, gwanin ban sha'awa. Ra'ayina shi ne kowane jinsi a ba shi mazauninsa shi kaɗai, kuma mafi ƙarfin dalilaina yana cikin kwanon ruwan da za su riƙa shiga tare.

Maganar tawa a kan kwaɗin tudu ce, masu kaushin fata da gajerun ƙafafu, irin waɗanda ake tararwa a gindin randa ko a bakin kwata da daddare, ba burduddugi mai santsin jiki da ke zaman ruwa ba. A idon mai wucewa duk ɗaya suke, alhali a nan arewa jinsinsu ya fi ɗaya. Wanda ya fi yawa a cikin gari shi ne wanda tsofaffin littattafan sakandare suke kira Bufo regularis, wanda tun daga 2016 masana suke rubuta shi Sclerophrys regularis. Macensa takan haura santimita 10, kuma ƙullutai biyu na dafi da ke bayan idanunsa sun fito sosai, ana ganin iyakarsu. Akwai ɗan'uwansa Sclerophrys maculata, wanda bai kai shi girma ba, ana yawan samunsa a gefen rafuka da koguna, ƙullutan dafinsa kuma a baje suke, ƙananan ƙuraje sun rufe su. Can arewa da mu, inda ruwa ya fi ƙaranci, akwai Sclerophrys xeros mai jan zane a bayan cinyoyi, sai kuma Sclerophrys pentoni, gajere mai kauri, wanda yake shafe mafi yawan shekara binne a ƙasa, ba ya fitowa sai ruwa ya sauka. Matashin regularis da balagaggen maculata suna kama da juna ƙwarai, saboda haka mutum yana iya haɗa jinsi biyu bai ma san ya haɗa ba. Kafin a yi maganar inda za a ajiye kwaɗo, sai an fara juya shi a hannu an duba bayan idanunsa da cinyoyinsa.

Wani ɗalibina ya taɓa ce mini, "Malam, ai da damina a kududdufi ɗaya muke ganinsu gaba ɗaya, kuma babu wanda ya kashe wani." Hujja ce mai ma'ana, kuma duk wanda ya bi fadamun bakin Kogin Kaduna da dare a watan Yuni zai ji kuka iri-iri yana tashi daga ruwa guda. Sai dai abin da ake gani a kududdufi cin kasuwa ne: a haɗu, kowa ya biya buƙatarsa ta barbara da zuba ƙwai, sannan a watse, kowa ya koma ramin da ya dace da shi. A waje, wanda ya ji an matsa masa yana da inda zai gudu, ruwan sama yana wanke kududdufin yana sabunta shi, rana kuma tana busar da ƙasa ta kashe ƙwayoyin cuta masu yawa. Akwati ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan uku.

Matsalar da ta fi saurin bayyana ita ce ta abinci. Kwaɗon tudu ba shi da haƙori, haɗiya yake yi, kuma da motsi yake gane abinci, don haka duk abin da ya motsa kuma zai shiga bakinsa ya zama nasa, ko gyare ne, ko tana, ko ƙaramin kwaɗo. Kwaɗon rake na Kudancin Amurka, Rhinella marina, wanda yakan kai santimita 15 har wasu su haura kilo ɗaya, ba zai bar ƙaramin maƙwabci ya kwana ba, kuma babbar macen regularis ɗinmu ma tana iya haɗiye 'yan ƙanana. Wannan kowa yana hango shi, shi ya sa masu haɗawa sukan ce ai sun zaɓi masu girma ɗaya. Amma girma ɗaya ba ya nufin hali ɗaya. Wani kwaɗon da magariba ta yi zai fito fili ya zauna yana jira, wani kuwa ba ya barin maɓoyarsa sai dare ya raba kuma motsi ya ɗauke. Idan aka zuba musu gyare, ko shinge a lokacin ruwan farko da yake cika gindin fitila, mai ƙarfin halin zai cinye kafin mai tsoron ya leƙo. Da safe mai kiwo zai ga babu sauran abinci, ya ɗauka kowa ya ƙoshi. Kwaɗo ba ya nuna yunwa ko ciwo da wuri, kuma sa'ad da ƙasusuwan ƙugunsa suka fara fitowa, lamarin ya riga ya yi nisa. Wannan ɓangaren yana damuna fiye da yadda wasu za su zata, domin hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ta ciyar da ita ba sananne ne a wurinmu, kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hana kashe kwaɗo lokacin da wani mai magani ya tambaye shi game da sa shi a cikin magani. Wanda ya rufe dabba a akwati, abincinta ya koma wuyansa.

Yanzu sai batun ruwa. Kwaɗo ba ya sha da baki. A ƙasan cikinsa, wajen haɗuwar cinyoyi, akwai wani yanki na fata mai laushi da yawan jijiyoyin jini, kuma idan ya zauna a cikin ruwa ko a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta nan ruwan yake ratsawa ya shiga jikinsa. Wani ɓangare na numfashinsa ma ta fata yake yi. A cikin wannan kwanon da yake sha ne kuma yakan yi fitsari da kashi, a nan majinar jikinsa da guntayen tsohuwar fatarsa suke zuba. Ma'anar wannan ita ce duk abin da ya fita daga jikin kwaɗo ɗaya ya shiga ruwan, to yana da buɗaɗɗiyar hanya zuwa jikin na biyu, ba tare da sun taɓa juna ba. Tsakanin 'yan jinsi ɗaya da aka samo a wuri ɗaya, abin da suke musaya ba baƙo ba ne a jikinsu. Tsakanin jinsi biyu kuwa, musamman idan ɗaya daga wata ƙasa ya fito, babu wannan sabon.

Abu na farko da ke bi ta ruwan shi ne dafi, kuma a nan ina ganin wasu masu kiwo suna zuzuta maganar fiye da kima, don haka gara a faɗe ta daidai. Farin ruwan da ke fita daga ƙullutan bayan idon kwaɗon tudu yana ɗauke da sinadarai masu taɓa bugun zuciya, irin aikin da maganin zuciya na dijoksin yake yi, shi ya sa kare da ya ciji kwaɗo yake ta zubar da kumfa. Kwaɗin tudu na dangi ɗaya, wato irin regularis da maculata da kwaɗon rake, jikinsu yana da kariya daga wannan nau'in dafin, saboda haka ba kasafai dafin ɗaya zai kashe ɗayan ba. Haɗarin yana ƙaruwa ne idan aka tsallaka dangi. Kwaɗon jan ciki na Koriya da arewa maso gabashin Sin, Bombina orientalis, wanda ake sayarwa a shagunan dabbobi na ƙasashen waje, ba danginsu ba ne, kuma abin da fatarsa take fitarwa wani sinadari ne daban wanda yake taruwa a ruwa idan ba a canja shi ba. Haka nan kwaɗin ruwa masu santsi da 'yan kwaɗin bishiya ba duka suke da kariyar da kwaɗin tudu suke da ita ba. Sannan kwaɗo ya fi fitar da dafi idan an tsorata shi ko an danne shi, wanda kuwa shi ne abin da cunkoso yake jawowa.

Abu na biyu, kuma mafi muni, shi ne cuta. A 1998 masana suka gano cewa wata ƙwayar fangas (dangin fumfuna) da ido ba ya gani ce take hallaka kwaɗi a Ostareliya da Amurka ta Tsakiya, a 1999 kuma aka ba ta suna Batrachochytrium dendrobatidis, wadda ake taƙaitawa da kitirid. 'Ya'yanta suna iyo a ruwa, su shiga fatar kwaɗo su kaurara ta, har ta kasa shigar da gishirin da jini yake buƙata, daga nan zuciya ta tsaya. Wani babban bincike da aka buga a 2019 ya danganta ta da raguwar jinsi 501 na kwaɗi da danginsu, 90 daga ciki ana kyautata zaton sun ƙare ƙaf. Kwaɗon zinariya na Kosta Rika, wanda rabon da a gan shi tun 1989, yana cikin waɗanda ake ambata a wannan babi. Abin da ya shafi mai akwati kai tsaye shi ne cewa wasu jinsunan suna ɗauke da ƙwayar ba tare da ta kwantar da su ba. Binciken 2018 a kan asalinta ya nuna Gabashin Asiya, musamman yankin Koriya, wato mahaifar kwaɗon jan cikin nan, kuma ya nuna cewa fataucin kwaɗi tsakanin ƙasashe ya taimaka wajen yaɗa ta. Saboda haka kwaɗo yana iya zuwa da ƙoshin lafiya, yana ci yana tsalle, ya shiga kwanon ruwa ya fito, bayan makonni maƙwabcinsa ya fara saɓa fiye da kima, ya daina ci, ya mutu.

Wani zai ce zafin Kaduna ai ya ishe mu kariya, kuma akwai gaskiya a ciki, domin ƙwayar ta fi bunƙasa tsakanin digiri 17 da 25 a ma'aunin Salshiyas, kuma idan zafi ya haura 30 ya daɗe takan mutu. Amma an taɓa gano ta a jikin kwaɗi a kudancin Najeriya da tsaunukan Kamaru, kuma mai kiwon kirki a inuwa yake ajiye akwatinsa, yana yayyafa masa ruwa don ya yi sanyi da danshi. Da damina da hunturu, irin wannan akwatin yana iya zama daidai yanayin da ƙwayar take so.

Ba sai an je nesa ba ma. Kwaɗin da muke kamawa a waje da wuya a rasa tsutsa a cikinsu, kuma akwai wata ta huhu mai suna Rhabdias wadda ba ta buƙatar wata dabba a tsakani kafin ta kammala rayuwarta. Ƙwanta yana fita ta kashin kwaɗo, ya ƙyanƙyashe a jiƙaƙƙiyar ƙasa, 'ya'yan su huda fatar duk kwaɗon da ya zauna a wurin. A daji kwaɗo yana yin kashi ya yi gaba. A akwati kuwa a kan ƙasar nan guda yake kwana kullum, tsutsar tana ƙaruwa, kuma wanda jikinsa bai saba da ita ba shi zai fara faɗuwa. Ga kuma ciwon jan ƙafa da ƙwayoyin bakteriya suke kawowa, wanda yake samun kwaɗon da wahala da ƙazantaccen ruwa suka riga suka raunana. Idan ɗaya ya mutu a akwatin da aka gauraya, ko likitan dabbobi zai sha wuya kafin ya ce daga wa cutar ta fito, kuma sauran duka sun zama abin zargi.

Shi ya sa idan na duba yadda ƙwararru suke yi, ba na ganin suna gauraya abin da suke tsoron rasawa. Ƙaramin kwaɗon Kihansi na Tanzaniya, wanda yake rayuwa a cikin feshin ruwan wani kwazazzabo guda, ya shiga haɗari bayan an gina madatsar ruwa a saman wurin. A 2000 aka kwashi 499 aka kai gidan namun dajin Bronx a Amurka, daga baya gidan namun dajin Toledo ya shiga aikin, kuma a 2009 aka ayyana cewa babu sauransa a daji. A keɓaɓɓun ɗakuna aka rene su, ba a haɗa su da wasu kwaɗi ba, har suka yi yawan da a 2012 aka fara mayar da wasu kwazazzabonsu.

Batun yanayi ba ya buƙatar dogon bayani. Kwaɗon jan ciki, mai tsawon santimita 4 zuwa 5, yana son akwatin da rabinsa ruwa ne, da sanyin da bai wuce digiri 24 sosai ba, alhali a watan Maris da Afrilu zafin Kaduna yana haura 35, kuma idan an ɗauke wuta babu fanka ballantana na'urar sanyaya ɗaki. Namu kuwa ƙasa mai zurfi suke so da za su haƙa su shige, da ɗan kwanon ruwa marar zurfi. Kwaɗon Turai, Bufo bufo, jikinsa ya saba da barcin watannin sanyi. Duk tsaka-tsakin da mutum zai nema don ya gamsar da biyu daga cikinsu, ƙarshenta kowanne ya cutu.

Sai barbara. Namijin kwaɗo idan lokacinsa ya yi ba ya tsayawa tantancewa, duk abin da ya yi kama da mace zai hau bayansa ya ƙanƙame. Idan ya kama namiji ɗan jinsinsa, wancan yana da wani ɗan kuka da yake yi a sake shi. A kududdufi kuma mace ce take bin kukan namijin jinsinta, wannan ne yake raba su duk da suna ruwa ɗaya. A akwati mace ba ta da zaɓi ko wurin gudu, kuma namijin wani jinsi yana iya maƙale mata kwana da kwanaki, ya hana ta ci, ya goge mata fatar hamata. Idan jinsunan suna da kusanci, ana iya samun 'ya'yan gauraye, kamar yadda aka sani tsakanin Anaxyrus americanus da Anaxyrus fowleri a Amurka, da kuma tsakanin Sclerophrys gutturalis da Sclerophrys capensis a Afirka ta Kudu, waɗanda dangin namu ne na kusa. Kwaɗuwa ɗaya tana zuba ƙwai dubbai a jere kamar igiya, kuma wanda ya wayi gari da talibambam ɗin da bai san ubansu ba, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ya juye su a kwata.

Abin da nake yi ba shi da tsada. Babbar roba mai murfi da aka huda ƙananan ramuka ta isa mazauni, a zuba mata ƙasar da ba a taɓa yi wa feshi ko zuba taki ba, zurfin da kwaɗo zai iya binne kansa, a rufe da busasshen ganyen mangwaro, a kifa fasasshiyar tukunyar ƙasa ta zama maɓoya. 'Yan jinsi ɗaya masu girma kusan ɗaya ina haɗa su biyu ko uku, amma maɓoya takan fi su yawa, kuma ina tsayawa in ga kowanne ya ci. Sabon kwaɗo, ko da jinsinsa ɗaya da waɗanda nake da su, sai ya yi zaman killacewa shi kaɗai, kuma abin da aka saba ba da shawara shi ne aƙalla wata ɗaya, wasu har wata uku. A wannan lokacin jiƙaƙƙiyar takardar goge hannu nake shimfiɗa masa maimakon ƙasa, domin in riƙa ganin kashinsa, kuma wanda yake da hali yana iya kai kashin wurin likitan dabbobi a duba tsutsa. Kowace roba da kwanonta da cokalin kwasarta. Tsofaffin nake fara dubawa, sabon ya zo ƙarshe, kuma ina ɗauraye hannu sosai tsakaninsu, domin ragowar sabulu ko man shafawa ma yana ratsa fatarsu. Ruwan famfo sai ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe kulorin ya fita. Kada kuma a ba su ƙwarin da aka kamo a gonar da aka yi wa feshi, ko a ajiye su a ɗakin da ake zuba fiya-fiya ko kunna maganin sauro.

Akwai yanayi ɗaya da nake ganin haɗarin ya ragu, wato jinsi biyu na gida da aka kamo a fadama ɗaya, masu girma ɗaya, aka ajiye su na 'yan sa'o'i don a nuna wa aji bambancinsu sannan a mayar da su inda aka ɗauko su. Ko a nan ɗin, kwalba biyu a gefen juna sun fi nuna bambancin a fili.

Amma kwaɗon da ya taɓa zama da baƙon jinsi, ko ya sha ruwa ɗaya da shi, bai kamata a sake shi waje ba, shi kuwa baƙon ko kusa. A 1935 aka kai kwaɗin rake 102 daga Hawai zuwa Queensland a Ostareliya don su ci ƙwarin rake, suka yaɗu a arewacin ƙasar, dafinsu yana kashe macizai da guza da kadojin ruwan daɗi da suka haɗiye su. A 2014 aka ba da rahoton kwaɗon Asiya, Duttaphrynus melanostictus, ya kafu a kewayen tashar jiragen ruwa ta Toamasina a Madagaska, inda dabbobin tsibirin ba su da kariya daga dafinsa. Ƙwayar cuta kuwa ba ta ma buƙatar kwaɗon ya fita, ruwan wankin akwatinsa ya isa. Kwatocin unguwanninmu Kogin Kaduna suke nufa, saboda haka ruwan da na kwashe daga robar baƙo ko ta wanda yake killace, bilic nake zuba masa in bar shi ya jima kafin in juye shi a busasshiyar ƙasa nesa da magudana, kwanoni da cokula kuma in wanke su, in ɗauraye, in shanya a rana har su bushe ƙarau kafin su sake shiga wata roba.